Inda Ishaya Ya Duƙa

Kun ga abin da ya sami Ishaya, kuma kun kau da kai. Da yawanku kuna filin a ranar, wasu a inuwar rumfa da lemon kwalba a hannu, wasu a tsaye cikin rana da 'ya'yanku a wuya don su hango. Kun tafa, kun yi dariya, aka tashi kowa ya kama hanyar gida yana cewa ai haka wasa yake. Ba haka wasa yake ba. Tun da kun zaɓi mantuwa, zan maimaita muku labarin daga tushe, in ya so ku ji haushina.

Ishaya ɗan unguwar Rikoto ne a nan Zuru, yana aiki a injin niƙan wani mutum a bakin kasuwa. Duk wanda ya kai niƙan dawa a shekarun nan ya san shi: dogo, mai faɗin kafaɗa, girarsa kullum fari fat da gari. Sakandare ya gama ya tsaya. Ya yi wa surukansa golmo, noman da saurayinmu ke yi kafin a ba shi mata, ya auri Rebecca, suka kama ɗaki ɗaya a gidan mahaifinsa. Abin da ya bambanta shi da sauranmu gudu ne. Ba gudun nesa da samarinmu ke yi da sassafe don shirin ɗaukar soja ba. Nasa gajere ne, na mita ɗari, wanda kafin ka gyara tsayuwa an gama.

Kawunsa ne ya koya masa, Saja Dodo, wan mahaifiyarsa, tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin basasa da ɗan ɗingishi da babbar murya. Shi ne shugaban kwamitin wasanni na unguwanninmu, a hannunsa mabuɗin ɗakin da ake ajiye usur da lasifika yake. Kafin ya shiga soja a filin nan namu ya yi suna. Kowace shekara, ranar tseren ɗaya ga Oktoba, mai lasifika sai ya tuna wa jama'a cewa ba a taɓa yin mai gudun mita ɗari kamar Dodo ba, shi kuwa Saja ya ɗaga sandarsa daga cikin rumfa, mata su rangaɗa guɗa.

Filin na tsohuwar makarantar mishan ne da ke gindin dutse. Ta gabas akwai rumfar manya, ginshiƙan ƙarfe da rufin kwano, dab da layin tashi, har in masu gudu suka durƙusa dugadugansu kan kusa taɓa kujerun gaba. Ta yamma akwai duwatsu biyu da aka binne aka shafa musu farin fenti, su ne ƙarshen tsere. Bayan duwatsun da 'yar tazara sai kwarin da ruwan dutse ya haƙa, wanda kowace damina yake ƙara cin filin.

A nan Ishaya ke haɗuwa da kawunsa kafin a buɗe injin. Saja ya haƙa masa ramuka biyu da wuƙa inda zai dasa yatsun ƙafa, ya koma bayansa ya yi shiru har sai yaron ya gaji da jira, sannan ya busa usur ba zato. Wata rana su hau dutse, Ishaya ya yi ta haurawa da gudu yana saukowa a hankali har cinyoyinsa su riƙa rawa su kaɗai. Amma abin da Saja ya fi ba wa muhimmanci shi ne ƙarshe. A koyarwarsa ƙirji ke cin tsere, don haka in an iso duwatsu dole mai gudu ya wurga hannuwa baya ya jefa ƙirji gaba kamar zai faɗi. Sai da ya sa Ishaya ya maimaita wannan har ya zamo masa kamar ƙiftawa. Har ɗaure masa ido ya taɓa yi da hankici ya ce ya gudu a haka.

"Kada ka nemi layi da ido, Farar Gira," in ji shi. "Ido na ɓata lokaci. Bar jikinka ya san wurin."

Jikin kuwa ya sani. Ido a ɗaure, Ishaya ya duƙa daidai tsakanin duwatsun nan biyu, Saja ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa.

A tseren shekarar 2003 babu wanda ya ko kusance shi. Malamin da ke riƙe da agogo ya duba, ya sake dubawa, ya nuna wa na kusa da shi. Mai lasifika ya ce irin wannan lokaci ko a Legas sai an tona. Ka'idar kwamiti kuwa ita ce wanda ya ci tseren shi ake turawa Birnin Kebbi, inda ake zaɓen waɗanda za su tsaya wa jiha a gasar ƙasa. Wanda aka zaɓa yakan shiga sansanin horo, da yawa kuma daga nan ake ɗaukarsu aiki. Wannan shi ne duk abin da Ishaya ke nema a duniya: ya shiga tawagar jiha, ya fita daga ɗakin injin da garinsa ya fara sa shi tari. Rebecca ta ce da aka ɗauko shi a kafaɗa zuwa gida, sai da kowa ya watse sannan ya tambaye ta ko tana ganin za ta iya zama a birni.

Ina karatu a Birnin Kebbi a lokacin, ranar zaɓen ni da wasu 'yan Zuru muka je filin wasa na can don mu yi masa ihu. Ya tashi da kyau. Kafin rabi ya fita daga cikin sauran da kusan tsawon mutum, mu kuwa mun riga mun fara tsalle. Sai kawai, saura tazara mai yawa a kai layi, ya wurga hannuwa baya ya jefa ƙirji gaba. Babu zaren ƙarshen tsere a wurin, babu alƙali, babu komai. Ya yi taga-taga yana neman tsayuwa, mutum huɗu suka wuce shi kamar yana tsaye, ya ƙarasa layin yana tangaɗi. Wurin da ya duƙa kuwa ya zo daidai gaban kujerun manyan baƙi. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya ce ɗan Zuru ya tsaya gaida kwamishina. Filin ya kwashe da dariya.

Mai horar da 'yan gudun jiha, wani gajeren Bakabe da ake kira Koci Maharazu, shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya kira Ishaya gefe, ya ba shi ruwa, ya tambaye shi wa ya koya masa gudu, a wane fili yake horo, wa ya shata filin tun asali. Da ya ji cewa Turawan mishan ne, sai ya girgiza kai.

"To yadi ɗari na kuke gudu, ba mita ba. Koma gida ka auna wanga fili naku. Ƙafa kana da ita, ban ga irinta ba bana. In ka gyara ka dawo baɗi, amma baɗi kaɗai, don shekarunka sun fara tafiya."

Kafin motar da ta ɗauko Ishaya ta iso Zuru, labari ya riga shi. Kun sa masa suna Mai Gaisuwa. 'Yan kabu-kabu in ya wuce sai su cire hula su rusuna a kan babur suna cewa ranka ya daɗe. Matan da ke kai niƙa suka riƙa cewa in ya gama gaida kwamishina ya taimaka ya niƙa musu dawarsu. Wasu suka ce tsoro ya ji da ya ga taro. Wasu suka ce jifa aka yi masa daga Argungu. Babu wanda ya tambaye shi abin da kocin ya faɗa.

Da na zo hutu Ishaya ya aro tef ɗin awo a wurin wani magini, muka tafi filin mu uku da Rebecca. Ita ta riƙe bakin tef ɗin, shi yana ja, ni ina sa alama da tsinke. Daga layin tashi zuwa fararen duwatsu, ya rage kusan mita tara a cika ɗari. Muka sake daga ɗaya ɓangaren, abin bai canza ba. Ishaya ya zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun ya daɗe yana kallon kwarin. Mita taran da ya rasa a Birnin Kebbi suna can cikin kwarin, inda ruwa ya bi.

Ya sami kawunsa a gindin mangwaro tare da tsofaffin sojoji 'yan'uwansa, ana zagaya ƙwaryar burkutu. Ya durƙusa ya gaishe su, ya faɗi abin da tef ya nuna. Saja ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi masa bayani a hankali kamar mai koya wa yaro. Ya ce lokacin da yake gudu yadi ɗari ake cewa, gaskiya ne. Bayan yaƙi gwamnati ta tashi canza abubuwa, ta canza hannun tuƙi, ta canza fam ya koma naira, ta canza yadi ya koma mita. Suna ne kawai aka canza, fili yana nan inda Allah ya ajiye shi. Wani tsohon kofur da ke gefe ya ce ai ko fam ɗin ma naira biyu ya koma, ba ɗaya ba. Saja ya ce masa ya sha abinsa ya yi shiru, ba da shi ake ba.

"Kawu, ni ban ce kowa ya yi laifi ba," in ji Ishaya. "Filin ne bai kai ba."

"Filin da ya ishe ni, kai ne bai isa ba? Ka je ka kunyata mu a gaban Kabawa, ka dawo ka ɗora wa ƙasa laifi. Wato duk shekarun nan da ake kiran sunana a lasifika ƙarya ake yi?"

Ishaya ya ce ba haka yake nufi ba. Saja ya ce to me yake nufi. Ishaya ya sake gaishe su ya tashi.

Ina iya yi wa Saja Dodo uzuri. Tsoho ne da bai wuce aji huɗu ba, wanda duk abin da ya rage masa a duniya shi ne fanshon da ba ya zuwa a kan lokaci da sunan da ake kira sau ɗaya a shekara. Waɗanda ba zan yi wa uzuri ba su ne waɗanda suka zauna taron kwamiti da aka kira a kan maganar. A ciki akwai hedimasta, akwai malamin lissafi, akwai ma'aikacin ƙaramar hukuma mai digiri. Malamin lissafin ya jingina da kujera ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, duk wanda ya yi karatu ya san yadi bai kai mita ba, shi ya daɗe da zargin haka. Ya daɗe da zargi, kuma shi ne ke riƙe agogo kowace shekara. Aka duba yadda za a yi. Ta yamma babu hanya saboda kwari, sai dai a tsige rumfa a mayar da ita baya, a ja layin tashi. Nan take hujjoji suka fito. Wanda ya gina rumfar tsohon kansila ne, sunansa na jikin ginshiƙi, zai ji ba daɗi. In an mayar da ita baya rana za ta riƙa dukan manyan baƙi da hantsi. Hedimasta ya ce a bi abin sannu, kada a ɓata wa Saja rai a tsufansa. A ƙarshe aka kafa ƙaramin kwamiti da zai duba lamarin, aka sa Saja Dodo ya shugabance shi, aka rufe taro da addu'a.

Ishaya bai jira su ba. Ya sami wani shimfiɗaɗɗen wuri a gefen hanyar Dabai, ya auna mita ɗari cif, ya sa fasassun bulo a farko da ƙarshe. Nan ya koma horo shi kaɗai, don tun ranar gindin mangwaro kawunsa bai sake zuwa ba.

Koyon gudu bai ba shi wuya kamar mance shi ba. Duk yadda ya ƙudurta a ransa, da ya iso inda duwatsu suke a da sai bayansa ya lanƙwashe da kansa, hannuwa su tafi baya. Rebecca ta riƙa tsayawa a daidai wurin tana ce masa ya miƙe, bai hana ba. Sai ta kawo dabara. Ta samo busasshen karan dawa ta ɗora masa a gadon baya daga ƙeya zuwa ƙugu, ta ɗaure da ɗankwali biyu. In ya duƙa, karan ya karye ya soke shi. A makonnin farko suna tara karyayyun kara a gefen hanya har wata tsohuwa ta riƙa zuwa tana kwasa ta hura wuta, tana yi musu addu'ar Allah ya ƙara karya su. Rebecca ta ce mata, "Mama, wannan addu'ar taki ki mayar da ita gida." Sannu a hankali tulin ya ragu. Ranar da suka koma gida da karan da suka fito da shi, Rebecca ta yanka kaza.

Sai kuma wahalar mita taran kansu. Jikin da ya saba ƙarar da komai a yadi ɗari, in aka ce ya ƙara, cinyoyi sukan zama kamar itace, kafaɗu su hau kunne, numfashi ya tsaya a maƙogwaro. Sau da yawa yana kaiwa bulon ƙarshe sai ya durƙusa ya yi amai a cikin ciyawa, ya share baki ya wuce injin. Da kansa ya gano cewa in ya saki muƙamuƙi, ya bar hannuwa su yi lilo ba tare da ya dunƙule su ba, gudun kan riƙe har ƙarshe. Ya daina zuba duk ƙarfinsa a tashin farko. Abin da ya rasa shi ne mai busa masa usur ba zato. Rebecca takan tafa silifa biyu, amma tausayinsa take ji, ba ta iya barinsa a durƙushe ya daɗe, shi kuwa ya riga ya san lokacin da za ta tafa. Tashinsa ya yi sanyi kaɗan, ƙarshensa ya yi zafi ƙwarai. Duk damina haka, tsakanin injin da gonar mahaifinsa.

Shi kuwa Saja ya sami wani. Yari, ɗan wani soja a bariki, gajere mai kaurin cinya, ɗan shekara goma sha tara. Yaro ne mai ladabi da saurin tashi kamar an tsikare shi. Kowace safiya yana filin mishan, ana haƙa masa ramuka da wuƙa, ana koya masa inda zai jefa ƙirji.

Da Oktoban 2004 ta matso, Ishaya ya je ya roƙi kawunsa a yi tseren maza a gefen hanyar Dabai, ko da tseren kaɗai ne, sauran wasanni a bar su a fili. Saja ya ce ba a taɓa yi ba. Ishaya ya roƙi a cire kujerun gaba na rana ɗaya a ja layi cikin rumfa. Saja ya tambaye shi ko so yake shugaban ƙaramar hukuma ya zauna a ƙasa. Ya ce wanda ya ci a filin shi zai tafi, haka oda take, ko ɗan cikinsa ne ba zai canza ba.

Ranar kun cika filin. Ruwa ya sauka kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, an ja layuka da toka. Mai lasifika ya kira sunan Dodo kamar kullum. Da ya kira Ishaya, wasu samari a bayan igiya suka rusuna gaba ɗaya, aka yi dariya har cikin rumfa. Bai dube su ba. Ya dasa ƙafa, ya sunkuyar da kai.

Usur na tashi Yari ya fice. Zuwa rabin fili yana gaba da taki mai kyau, jama'ar bariki sun fara buga galan. Daga nan Ishaya ya fara tahowa. Ban taɓa ganin mutum ya yi gudu irin wannan ba, a miƙe, fuska a sake kamar ba shi ke yi ba, tazarar tana narkewa. Suna isowa duwatsu kafaɗa da kafaɗa. Yari ya wurga hannuwa baya ya jefa ƙirji, zaren ulu ya kwanta a kansa. Ishaya bai duƙa ba. Shekara guda ya yi yana hana jikinsa duƙawa a wannan wurin, jikin kuma ya ji magana. Taki ɗaya bayan duwatsu ya wuce Yari, taki na biyu ya bar shi, yana kan ganiyar gudunsa, sai ga bakin kwari. Ya yi ƙoƙarin tirjewa, ƙasar ta zame da shi, ya gangara ciki ta gefe ɗaya.

Da ya hauro, laka tun daga kunne har idon sawu, fatar cinya ta saluɓe, wani ya ce bara ya tsaya da wuri, bana kuma ya ƙi tsayawa. Wannan maganar ta zagaya filin kafin a gama ɗaga hannun Yari. Na ga wasunku suna share hawaye don dariya.

A haka, da lakar da jinin, ya shiga rumfa ya durƙusa gaban kawunsa. Manyan baƙi suka ɗan janye ƙafafunsu don kada ya ɓata musu riga.

"Kawu, ka gani."

"Na ga abin da kowa ya gani. Yari ya taɓa zare."

"Ka ga abin da ya faru bayan duwatsun. A Birnin Kebbi nan ne tseren yake."

Saja bai kalle shi ba, sandarsa yake kallo. Ya ce bayan duwatsu babu tsere. Ya ce in ya tura shi, gobe a kasuwa za a ce don ɗan ƙanwarsa ne. Sannan ya rage murya ya ce masa ya je Rebecca ta wanke masa ciwon da ruwan gishiri kafin ya kumbura. Hedimasta na gefe, malamin lissafi na gefe da agogonsa a wuya, kowannensu ya ji, kowannensu ya sami abin kallo a wani wuri.

Kafin Yari ya tafi, Ishaya ya ɗingisa har bariki ya same shi. Ya gaya masa kada ya duƙa sai ya ga alƙalai a gefensa, ya ce in yana so ya zo hanyar Dabai ko sau biyu ne ya ji yadda tsawon yake. Yaron ya saurara da ladabi, ya ce ya gode, amma Baba Saja ya riga ya gargaɗe shi cewa za a zo a rikita masa kai.

"Yaya Ishaya, in an kayar da mutum ya haƙura kawai," in ji shi.

Yari ya je Birnin Kebbi ya duƙa a daidai inda Ishaya ya duƙa. Ya zo na ƙarshe. Aka ce Koci Maharazu ya bi 'yan rakiyar yana tambaya ina dogon nan na bara, da aka faɗa masa sai ya juya ya tafi. A Zuru kuwa sabon bayani ya fito: wai mutanen Kebbi ne suke ƙara wa filinsu tsawo in sun ji ɗan Zuru zai zo. Na ji wannan daga bakin mutanen da suka yi jami'a.

Ishaya bai sake gudu ba. Ciwon cinyar ya warke, amma damar da aka ba shi ta shekara ɗaya ce, ta wuce. Tarin ya ƙaru har ya bar injin. Yanzu kabu-kabu yake yi tsakanin Ribah da Wasagu da babur ɗin wani, yana zuwa gida ƙarshen wata. Na haɗu da shi a tasha kwanakin baya, ya yi ƙiba kaɗan, girarsa ta koma baƙa. Na ɗauka zai zagi kawunsa, bai zage shi ba, har ya ce ya kai masa maganin ciwon gwiwa. Na tambaye shi ko yana kewar gudu. Ya murza hannun babur ya ce abin da ke damunsa ɗaya ne: bai taɓa yin mita ɗari daga farko har ƙarshe a gaban mutane ba. Rebecca kaɗai ta taɓa gani, da wata tsohuwa mai tsintar kara. Sai fasinja ya zo da buhun masara, ya ɗaure masa ya tafi.

Ƙaramin kwamitin bai zauna ko sau ɗaya ba. A watan jiya an sake shafa wa duwatsun fenti saboda Oktoba ta kusa. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a sakandare, Gladys, wadda duk wanda ya ga gudunta ya san abin da ya gani, kuma kowace safiya tana filin mishan ana nuna mata inda za ta jefa ƙirji.

Ranar Asabar mai zuwa da hantsi za mu tsige rumfar mu mayar da ita baya. Na gaya wa hedimasta, na gaya wa Saja Dodo a gaban idonsa, na gaya wa tsohon kansila cewa sunansa zai bi ginshiƙinsa duk inda ya koma. Aikin ya fi ƙarfin mu ukun da muka auna filin. Kada ka aiko mini da gaisuwa ko fatan alheri. In kana da diga ka zo da ita, in kana da sifana ko guduma ka zo da su, in magini ne kai ka zo da tef ɗinka ka auna a gaban kowa. In kana cikin kwamiti, ka zo ka tsaya inda za a gan ka. In ba ka da komai, ka zo da kafaɗarka ka ɗauki kwano.